Neman kalma: me za mu kira "insulation" a ginin gida?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe da masu sana'ar gini. Kwana uku ke nan ina rubutu kan yadda ake zana gida mai sauƙin kuɗi wanda ba ya shan wuta, sai kalma guda ta cije mini: abin da Turawa ke kira insulation. Na jefa tambayar a nan, kun yi mini ruwan shawarwari, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya, ga kuma dalilina.

Kafin a raɗa wa abu suna, sai an san halinsa. Zafi kullum daga inda ya yi yawa yake gangarawa zuwa inda ya yi ƙaranci. A ƙasar rana, ratso rufi da bango yake yi ya shigo ɗaki. A ƙasar sanyi kuwa, ɗumin da aka saya da kuɗi ne ke sulalewa waje. Abin da ake shimfiɗawa a bayan silin ko a cusa cikin bango, aikinsa ɗaya ne a duka wuraren biyu, wato rage wa zafi gudu. Shi kansa ba ya haifar da sanyi, ba ya haifar da ɗumi. Ɗauki ƙanƙara guda biyu, ka ajiye ɗaya a faranti, ka naɗe ɗayar a bargo. Bayan awa guda ta farantin ta zama ruwa, ta bargon kuwa idan ka warware za ka same ta da sauranta, ta ɗan jiƙa ulun da ke jikinta kawai. Bargon da ke riƙe maka ɗumi da dare, shi ne ya tare wa ƙanƙara zafi.

Sirrin kuma iska ce da aka kulle ta kasa motsi. A ma'aunin da injiniyoyi ke auna saurin ratsawar zafi, iskar da ke tsaye tana wajen 0.026, audugar gilashi (zaren gilashi mai kama da auduga da ake shimfiɗawa a bayan silin) wajen 0.04, kankare kusan 1.7, baƙin ƙarfe kuwa wajen 50. Ma'ana, santimita 10 na audugar gilashi na tare zafin da sai an zuba kankare mai kaurin kusan mita 4 kafin ya tare. Shi ya sa idan kayan nan suka jiƙe aikinsu ke lalacewa, domin ruwa ya kori iskar, shi kuma ya fi ta ratsar da zafi fiye da sau 20.

Yayata da ta ce a kira shi "bargon gida": Yaya, wallahi naki ya fi kowanne daɗin faɗa, kuma yaro ma zai gane. Matsalar ita ce duk wanda ya ji bargo, ɗumi ne zai faɗo masa a rai. Je ki ce wa mai gidan da zufa ke karyo masa za a lulluɓe masa gida da bargo, kin rasa shi tun kafin ki gama magana. Zan riƙe shi don bayani a aji, amma ba zai shiga takardar lissafin gini ba.

"Kariyar zafi" ta yi faɗi da yawa. Inuwar bishiya kariya ce, baranda kariya ce, farin fenti a kan rufi ma kariya ne, kuma duk ba su ne abin da muke nufi ba. "Garkuwar zafi" fuska ɗaya take kallo, inda abokin gaba yake, alhali namu na aiki ciki da waje. "Makarin zafi" kuwa, makari sai cuta ta riga ta shiga jiki ake nemansa.

Wanda ya fi ba ni wahalar saki shi ne "datsin zafi". Na so shi ƙwarai, musamman da yake Jamusawa ma ta nan suka bi: kalmarsu Dämmung 'yar'uwar Damm ce, wato madatsar ruwa. Ta Ingilishi daga Latin ta fito, insula, tsibiri, abin da aka keɓe shi kaɗai. Larabawa na cewa azl, keɓewa. Kowa da hoton da ya hango. Abin da ya sa na haƙura da datsi shi ne a kunnen Bahaushe, in an datse abu an tsayar da shi cak, kuma yana taruwa a baya yana jiran ranar ɓallewa. Zafi ba haka yake ba. Yana ratsawa a hankali, ko da wane irin kaya aka sa.

Masu cewa mu ari kalmar kawai mu ce "insuleshan", ban raina hujjarku ba. Mun ari siminti, mun ari bulo, mun ari silin, ba abin da ya ragu a harshen. Amma waɗannan abubuwa ne da ido ke gani, hannu ke ɗauka, sunan ya manne da su nan take. Wannan kuwa da zarar an rufe silin ba mai sake ganinsa har gidan ya tsufa. Abin da ke ɓoye yana buƙatar sunan da zai faɗi aikinsa da kansa.

Don haka na tsaya a kan shamakin zafi.

Shamaki abu ne da ke shiga tsakanin abu biyu, bai zaɓi ɓangare ba. Muna cewa babu shamaki tsakanin wane da wane, kowa ya gane. Yana karɓar siffa: shamaki mai kauri, shamaki mai rauni. Yana ba mu aikatau: a shamakance rufin kafin a buga silin. Ga shi kuma yana haihuwa, domin kalmar Turancin ba a zafi kaɗai ta tsaya ba. Robar da ke jikin waya shamakin lantarki ce, soson da ake mannawa a bangon ɗakin ɗaukar murya shamakin sauti ne. Da kalma guda mun biya buƙata uku.

Malam, Allah ya ƙara sani, na ga gyaranka guda biyu. Na farko, cewa asalin shamaki wurin ɗaure dawaki ne, har ga sarautar Shamaki. Gaskiya ne, sai dai bakin mutane ya daɗe da ba kalmar ma'anar shinge tsakanin abu biyu, kuma da wannan ma'anar ake jin ta yau a wa'azi da labarai. Na biyu, cewa shi ma shamaki hanawa yake yi gaba ɗaya kamar datsi. A nan ina neman afuwa in saɓa. Labule shamaki ne, amma murya na ratsa shi, haske ma na ɗan leƙowa. Yana ragewa gwargwadon kaurinsa, kuma daidai halin abin namu ke nan.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan kalma ɗaya? Abin da ba shi da suna, shi ake fara tsallakewa idan kuɗin gini ya yi ƙasa. Mai gida zai yi faɗa a kan tayil da launin fenti, domin ya san sunansu, ya san abin da zai ce wa birkila. Shamakin da za a biya sau ɗaya sai a bar shi, a koma ana biyan kuɗin wutar sanyaya ɗaki ko ɗumama shi kowane wata. A birnin Darmstadt na Jamus, a 1991, aka kammala gidan farko na tsarin Passivhaus, wato tsarin gina gida mai ƙarancin shan wuta, wanda Wolfgang Feist da Bo Adamson suka assasa tunaninsa. Ƙa'idar tsarin ita ce ɗumama gida kada ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kowace murabba'in mita a shekara, kuma ginshiƙinsa shamaki mai kauri ne da toshe kafofin iska. Ba kuma dole sai kayan masu tsada ba. Ana yin shamaki da tsofaffin jaridu da aka niƙa aka zuba musu maganin gobara da ƙwari, ana yi da ulun tumaki, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 mutanen Nebraska a Amurka suka gina gidaje da dammunan ciyawa da aka matse. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi wa gida duka ba, a ƙasar zafi ya fara da rufi, nan rana ta fi duka. Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannu a silin da ke ƙarƙashin kwano da azahar ya ji yadda yake turiri kamar murfin tukunya.

A lura kuma, katangar ƙasa mai kauri da ke sa ɗaki sanyi da rana wani aikin take yi daban. Tana shanye zafi ta ajiye, ta sake shi da dare. Wannan ma'ajiyar zafi ce, kada mu haɗa su a suna ɗaya.

Da na samu shamaki, sai wata kalmar ta zo da kanta. Akwai inda rodi ko ginshiƙin kankare ke ratsa shamakin daga waje zuwa ciki, zafi ya bi ta nan ya wuce abinsa. Turawa gada suke ce wa wurin. Mu muna da wadda ta fi dacewa: ɓarauniyar hanya. Na gwada jimlar a kan wani magini da bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin kalmomin ba, na ce masa, "Maigida, a shamakance bangon nan, kuma a kula kada rodin baranda ya zame wa zafi ɓarauniyar hanya." Bai tambaye ni ma'ana ba. Ya ɗaga kai ya dubi inda barandar ta haɗu da bango, ya ce to sai an raba zubin kankaren.