Tambaya: Tawada tana ɓarewa daga jikin ledar da nake bugawa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka ƙware a sana'ar buga rubutu a jikin leda.

Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma ni nake buga wa matan garinmu suna da tambari a ledar da suke ƙulla garin kunu da ƙuli-ƙuli, da hannu nake yi, ta hanyar shafa tawada a kan firam mai raga. Tun da na sayo sabuwar leda daga Kano, rubutun yakan fito tas, amma bayan ya kwana ya bushe, da zarar na goga babban yatsana sai ya ɓare, idan kuwa na manna salatif na ɗaga, ba abin da yake saura. Da na ɗiga ruwa a kanta, sai ya dunƙule kamar a ganyen gwaza, alhali a ragowar tsohuwar ledar yana ɗan bajewa.

An bayyana mini cewa irin wannan leda, wadda ake kira foliyetilin, ba ta riƙe tawada sai an ratsa fuskarta da tartsatsin lantarki a masana'anta, aikin da ake kira korona, kuma ƙarfinsa yana raguwa idan ledar ta daɗe a ajiye. Na gwada fuska biyun, duk ɗaya.

Shin akwai tawadar da za ta kama irin wannan leda, ko wata hanyar gyara fuskarta ba tare da inji ba? Na riga na karɓi kuɗin matan nan, kuma kunyar haɗa ido da su nake ji.