Wa ya san North Glengarry a Kanada? An tura ni aiki can, ina neman bayani

Dan_Gwammaja:
Salam jama'a. Shekarata biyu a Otawa, yanzu na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da Alexandria, cikin ƙaramar hukumar North Glengarry a Ontariyo. Ranar Asabar naje duba ɗakin haya, wlh sai gonaki da shanu da rumbunan masara dogaye, awa ɗaya kacal daga birni amma kamar wata ƙasa. Abinda ya ɗaure min kai sunayen akwatunan wasiƙa a bakin hanya, MacDonald, MacLeod, MacMillan, kusan kowa Mac ne, kuma a shago naji ana Faransanci. Mai gidan hayar kuma tace wai nayi sa'a zanzo kafin wasan Maxville. Wane wasa ne wannan? Sannan baƙo baƙar fata zai iya zama lafiya da mutanen nan?

Maman_Walida:
Wa alaikassalam. Ai ka faɗa garin 'yan Sukotlan ne ɗan uwa. Kakanninsu daga tsaunukan arewacin Sukotlan suke, wasu sun fara zama a jihar New York, da Amurka ta ci yaƙin 'yancinta su kuma suna bayan sarkin Ingila sai suka tsallako Kanada a 1784 aka basu filaye. A 1786 wani ayari wajen mutum 500 ya biyo daga yankin Knoydart da limaminsu, sannan a 1804 Fada Alexander Macdonell ya kawo tsofaffin sojoji da aka sallama, shi ne daga baya ya zama bishop, kuma sunansa Alexandrian da zaka zauna ta ci. Mac ɗin da kake gani ma'anarsa ɗan wane, kamar yadda muke cewa ɗan Musa ko Ibn kaza, har Maxville ɗin ma ance don yawan masu Mac aka raɗa mata suna. Masu Faransancin daga baya suka shigo daga Kebek tunda iyaka na nan kusa, suka sayi gonaki, yanzu sun cakuɗu da auratayya, kar kayi mamaki kaga MacDonald yana zuba Faransanci kamar ba gobe.

Injiniya_Bash:
Wasan kam naje sau biyu, Glengarry Highland Games sunansa, tun 1948 ake yi a Maxville, Juma'a da Asabar wajen farkon Agusta. Garin fa mazaunansa basu kai dubu ba amma ranar dubban mutane ke cika shi, mota har cikin gonaki. Zaka ga ƙarti majiya ƙarfi sanye da siket mai gidan dara, kar kayi dariya don Allah haha, kowane dangi da irin zanensa, kamar yadda a da ake gane gidan mutum da tsagar fuskarsa. Akwai jifan gungume, itace ne dogo kamar falwaya, mutum zai rungumo shi a tsaye ya ɗan ruga ya cilla, ba nisa ake nema ba, so ake ya juya kansa ya faɗi a miƙe ɗoɗar gaban mai jifan. Akwai rawar 'yan mata akan takubba biyu da aka gicciya a ƙasa, ƙafa ta taɓa takobi an rage maki.

Amma abinda bazan manta ba shi ne ƙarshen rana, lokacin da duk ƙungiyoyin masu busa algaitar nan tasu mai jakar iska suka haɗu a fili guda, ɗaruruwa, da masu ganga, suka taho a jere. Ƙasa rawa take a ƙarƙashin ƙafarka. Wani dattijo kusa dani ya cire hula yana share hawaye, ni da ban haɗa komai dasu ba sai da tsigar jikina ta tashi, na tuna hawan sallah a gida. A nan ake gasar zakarun masu busan na Arewacin Amurka gaba ɗaya, shi yasa har daga Amurka suke zuwa.

Dan_Gwammaja:
Kai Injiniya ka kwaɗaita min. To yarensu fa, har yanzu suna yi?

Maman_Walida:
Nan ne abin tausayin. Gelik ake ce masa, a da shi ake yi a gida da coci, amma makaranta da Turanci sun cinye shi, yau sai a waƙa da allon maraba da jikin duwatsun kabari. Busa da rawa da zane sun tsira, harshen ya tafi. Ni dai tun da naga haka na daina yiwa yarana Turanci a gida. In ka samu lokaci ka leƙa kangon cocin St. Raphael's a kudancin yankin, gobara ta cinye shi a 1970 saura bangon dutse tsaye babu rufi, kuma basu rushe ba, gyara shi suke suna taro a ciki. Akwai kuma gidan tarihin manoman farko a Dunvegan.

Sani_Cornwall:
Ku kun tsaya tarihi kun bar tambayarsa ta biyu. Gsky zaka zauna lafiya, amma mutanen ƙauye ne, zasu gaisheka da fara'a su ɗau watanni basu ce shigo gida ba, kuma kowa ya san motar kowa. Hanyar shiga cikinsu aikin sa kai, kusan komai na garin da shi ake yi, wasan nan ma 'yan sa kai ke riƙe da shi. Ni kujeru na taya ɗauka a baje kolin Williamstown, wanda ake yi tun 1812, daga ranar wani manomi ya fara ajiye min masara a ƙofa. Tsofaffin da zaka kula dasu kuwa ka tambaye su wane dangi ne, sai ka gaji da labari. Ka kiyayi rumfar giya a filin wasan, naman halal ka riƙa yo guzuri daga Otawa, Juma'a kuma ka sauko Cornwall akwai masallaci. Jirgin ƙasa na Otawa zuwa Montiriyal yana tsayawa a Alexandria, amma ka nemi mota da tayar ƙanƙara kafin Nuwamba, in ba haka ba zaka sha wuya.

Dan_Gwammaja:
Nagode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Sani zan maka magana ta inbos akan motar, kuɗina ba yawa fa.