Yaya ake kafa turakun katako a mashigin kwale-kwale?

Mai Fito: Assalamu alaikum. Muna son yin dandamali mai yawo kan ruwa da gangaren jawo kwale-kwale a bakin kogin Haɗeja, wajen Auyo. Ƙasar yashi ce a sama, laka a ƙasa. Wane itace ya dace a yi turakun da za su riƙe dandamalin, kuma yaya za a kafa shi ba tare da injin bugu ba?

Kafinta: Wa alaikumus salam. Kirya ta fi, in ba ta samu ba a nemi zaiti miƙaƙƙe, kaurin inci 6 zuwa 8. A ɓare ɓawon, a fiƙe gindin, sannan a sa wa kan zoben ƙarfe, in ba haka ba, yana iya tsagewa wajen bugu. Abin da ke nutse kullum ba ya ruɓewa. Inda ruwa ke hawa yana sauka, nan yake ruɓewa, don haka nan za a shafe da kwalta. Don Allah ban da baƙin mai, yana kashe kifi.

Mai Haƙar Rijiya: Malam, ku bari sai rani, ruwa ya ja baya. A yashi injin ban-ruwa ya isa: a ɗaura bututu a jikin turken, ruwa na kwance yashin, turken na nutsewa da nauyinsa. Da an taɓo laka a kashe injin, a koma bugu. A kafa sanduna uku a haɗe kansu, a rataya wili da igiya, a ɗaga dunƙulen kankare mai kilo 60 zuwa 80 kamar mita ɗaya a sake shi ya faɗo a kan turken. Kar a huta a tsakiya, laka na kama itace ta riƙe gam. In bugu goma bai shigar da shi inci ɗaya ba, ya zauna. Mutum ɗaya ya tsaya yana duba miƙewarsa ta fuska biyu, domin wanda ya karkace a mita na farko ba ya gyaruwa, sai cirewa.

Magini: Ƙari kaɗan, Alhaji. Kan turke ya ɗara alamar ambaliya mafi girma da mita ɗaya, kar dandamalin ya zame ta sama ranar da kogi ya cika. Duron roba mai lita 200, irin wanda za a ɗaura a ƙarƙashin dandamalin ya ɗaga shi kan ruwa, yana ɗaukar kusan kilo 200 kafin ya nutse, amma ku lissafa rabi. A ɗaure katakai da noti mai zinki, ƙusa na zarewa. Gangaren kuwa, kowane mita 8 ya sauka mita ɗaya, a jera dutse a ƙarshensa kar ruwa ya rarake ƙasansa.