Makarantar soja ga yaro ɗan shekara 12: wanda ya gani da idonsa ya faɗa mana

Baban Sadik, Funtua

Assalamu alaikum jama'a. Yarona zai gama aji shida na firamare bana, kuma ya kafe shi sai makarantar soja, ko ta Zariya ko ta sojan sama da ke Jos. Uwarsa ta ce ba da yawunta ba. Kawunsa kuwa cewa yake in sayi fom tun da wuri, wai yaro zai fito da aikinsa a hannu, ga tarbiyya kyauta. Ni dai ina tsakiya. Don Allah wanda ya yi irin makarantar nan, ko ya kai ɗansa, ko ya koyar a ciki, shi nake so ya yi magana. Masu "an ce, an ce" su ɗan dakata mana.

Tsohon Boy, Kaduna

Wa alaikumus salam Malam. Ni na yi, tun daga aji ɗaya har na gama, don haka bari in faɗa maka yadda rana take.

Tun kafin kiran assalatu begila za ta tashe ku. A yi gudu, a yi wanka da ruwan sanyi ko da a tsakiyar hunturu ne, a gyara gado yadda ba za a ga ko lanƙwasa ɗaya a zanin ba, sannan a jeru a duba ku. Mai dubawa zai kalli askinka, farcenka, maɓallin rigarka, har ƙasan takalminka. Takalmin nan da dare muke zama da shi, da auduga da ɗan ruwa a murfin gwangwanin man gogewa, muna murzawa a hankali har sai ƙyallin fitila ya fito a kan hancinsa. Kaki kuma sai ya sha sitaci da guga. Bayan duk wannan ne za ka shiga aji ka zauna gaban malamin Lissafi, kuma in gaya maka gaskiya, a shekarar farko gyangyaɗi ya fi karatu yawa.

Abin da na samu kuwa ba zan raina ba. Har yau ban iya makara ba, ko ɗaurin aure ne sai in riga ango zuwa. Na iya wanki da ɗinkin maɓalli, na iya karanta taswira da kamfas, na san yadda ake kwana a daji. Na zauna ɗaki ɗaya da Tibi da Bayarabe da ɗan Birom, mun ci a kwano ɗaya, mun sha gwale-gwale tare, kuma yau in na sauka Makurɗi ko Ibadan ba na neman masauki.

Amma ka gaya wa Hajiya wannan ma, kada a ɓoye mata. Ni ban zauna a soja ba, jami'a na wuce, yanzu kasuwanci nake. Cikin 'yan ajinmu da suka ci gaba da sa kaki, akwai waɗanda muka yi wa salla tun ba su kai arba'in ba, a arewa maso gabas suka rasu. Tsoron uwa yana da tushe.

Maman Hanif, Kano

Baban Sadik, tunda ka ce wanda ya gani, to ni na gani. Ba zan ambaci makarantar ba, ta kwana ce dai mai horo irin na soja. Mu ba yaron ne ya nema ba, babansa ne ya ga ya fara taurin kai da bin abokan banza, ya ce a kai shi can a gyaro shi.

Ranar ziyara ta farko na soya masa kaza na yi masa cincin. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ga shi ya zo ya tsaya ƙyam a gabana, hannu a baya, yana amsa mini da "eh" da "a'a" kawai. Babansa har da murna, wai ka ga aiki ya fara kyau. Ni kuwa gwiwoyinsa na kalla, duk sun sassaluɓe. Kazar ma ashe ba shi zai ci ba, muna juya baya siniyoyi suka karɓe. Da ya zo hutu sai na tarar ya koma fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ɗan shekara huɗu. Ba malamai ne suka yi masa ba, yara ne 'yan uwansa, da dare, bayan an kashe fitila: tsallen kwaɗo, tsayuwa a kan ka, wankin kayan wani har tsakar dare. In ka kai ƙara kuma ka zama mai tona asiri, gobe naka ya ninka.

Mun cire shi. Taurin kan da aka kai shi dominsa yana nan, sai ma ya ƙaro da dukan ƙannensa, yana sa su kama kunne.

Tsohon Boy, Kaduna

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ban musa ko kalma ɗaya ba. Abin da na lura da shi dai, yaran da suka zo da son ransu su ne suke jurewa, har su riƙa dariyar abin daga baya. Waɗanda aka kawo a matsayin hukunci su ne ke tsallake katanga, ko su zama azzaluman siniyoyi in sun girma. Makarantar nan ba gidan mari ba ce, iyaye ne ke son mayar da ita haka.

Malam na Tudun Wada, Zariya

Na koyar a sakandare shekaru masu yawa, kuma ɗalibaina da dama sun nemi waɗannan makarantu, don haka bari in raba muku zare da abawa, domin ana haɗa abubuwa daban-daban a kira su da suna ɗaya.

Makarantar soja ta Zariya, NMS, an kafa ta a 1954 zamanin Turawa, ta sami sunanta na yanzu a 1960. Maza zalla take ɗauka, kuma horon soja na sosai ake yi tare da karatun sakandare. Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa duk nan suka bi. Ta sojan sama a Jos an buɗe ta a 1980, akwai kuma ta 'yan mata a Jos ɗin. Su kuwa makarantun Command da ke barikoki, sojoji ne ke tafiyar da su, akwai tsauri, amma sakandare ce kamar kowace, yaro zai rubuta WAEC da NECO ya kama gabansa. Haka ma sakandaren 'yan sanda.

Inda kawun Sadik ya yi gaggawa shi ne batun aiki a hannu. Yaron da ke mafarkin zama hafsa, sai ya shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, kuma babu makarantar da ke ba shi tikitin shiga kai tsaye. Sai ya kawo kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ya ci JAMB, ya ci jarrabawar NDA ɗin, ya tsallake gwajin lafiya da intabiyu, yana gogayya da 'yan jiharsa. Makarantar 'yan sanda ta Wudil ma haka tsarin yake. Na ga yaron da ya iya fareti kamar me, amma Lissafi ya kayar da shi. Na kuma ga ɗan makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo da bai taɓa sara wa kowa ba ya shige.

Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba aikin soja. Abin da ke damuna shi ne, yaro ɗan 12 da ya ga kaki ya yi masa kyau, shin ya zaɓi sana'a ke nan? Ɗalibaina 'yan aji ɗaya rabinsu matuƙan jirgin sama ne, zuwa aji shida sai ka ji sun koma likitoci da lauyoyi.

Ɗan Gwange, Maiduguri

Malam ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu nan mun ga yaro da aikin tsaro ba a makaranta ba. Da 'yan kato-da-gora suka tashi a 2013, unguwarmu har yara 'yan sha huɗu, sha biyar suna tsayawa a shinge da sanda suna binciken motoci. Mun yaba musu a lokacin, don sun taimaka ƙwarai. Daga baya ne aka ga illar. Sai da ƙungiyar ta sa hannu a yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 cewa ta daina amfani da yara, a 2019 ma aka sallami yara 894 a rana ɗaya a nan Maiduguri. Na san wasu daga cikin irin yaran nan. Yaron da ya saba dattijo ya sauko daga mota don ya ce ya sauko, mayar da shi aji ya zauna malami yana masa tsawa ba ƙaramin aiki ba ne.

Saboda haka ni ba na adawa da makarantar soja. Can aƙalla akwai littafi, akwai malami, akwai ranar gamawa. Yanzu da jihohi irin su Katsina da Zamfara suka kafa nasu rundunonin tsaro na al'umma, addu'ata kada a sake a bar yara su shiga.

Abdu na Maraɗi

Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu ma muna da irinta a Yamai, ana ce mata Firitane. Yaro na gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, sai ya yi konkur, wato jarrabawar shiga, in ya ci ya shiga siziyem, ajin farko na sakandare, ya zauna can har BAC, jarrabawar gama sakandare. Ɗan ƙanena ya yi ta. Wurin kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka in yaro ya ci, gari duka sai an zo barka. Abin da ya sa talaka ke rububinta ba kakin ba ne, lakkwal ce mai kyau wadda ba yajin aiki, ga abinci ga littattafai. Da lakkwal ɗin gwamnati na gari na da kyau haka, da rabinmu ba mu rabu da ɗiyanmu suna ƙanana ba. Kuma a wajenmu 'yan kwana-kwana ma sojoji ne, don haka mai son aikin ceto ta wannan ƙofa yake bi.

Anti Nas, Bauchi

Na ji daɗi da Abdu ya ambaci ceto, don tun ɗazu maganar bindiga da fareti kawai ake. Ni ban yi makarantar soja ba, Red Cross na shiga a sakandaren 'yan mata, kuma ita ce ta kai ni aikin jinya. Ranar Laraba da yamma muke haɗuwa, a koya mana ɗaure rauni, tsayar da jini, kwantar da wanda ya suma a gefensa, ɗaukar mutum a kan bargo mu huɗu ba tare da an lanƙwasa masa baya ba.

Yanzu a ɗakin haɗari nake aiki, kuma kullum ina ganin abin da rashin wannan ɗan ilimin ke jawowa. A yi haɗari a hanya, jama'a su taru da kyakkyawar niyya, wani ya ja hannu wani ya ja ƙafa, a cusa mai karayar wuya a bayan a-daidaita-sahu a zaune. A ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko madara. Yaro ya ƙone da ruwan zafi, a shafa masa man goge baki ko ɗanyen ƙwai, alhali ruwa mai sanyi kawai ake so a yi ta kwarara masa na kamar minti 20. Duk wannan ɗan shekara 14 zai iya koya a zango ɗaya, ba sai an aske masa kai an raba shi da uwarsa ba. 'Yan agajin masallatai ma suna ƙoƙari, sai dai wasu an fi koya musu jera sahu da tare hanya fiye da taimakon gaggawa.

Baba Mai Ritaya, Kano

'Yata Nas, Allah ya yi miki albarka. Ni a aikin kashe gobara na tsufa. Mutane sun ɗauka wuta ce kawai aikinmu, alhali kiran rijiya da kududdufi ba ya yankewa, musamman da damina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rijiya. Guga ya faɗa, ko a sa yaro yasa, ya shiga ya yi shiru. Wansa ya bi shi, shi ma shiru. Maƙwabci ya bi. Mu iso mu fito da mutum uku. Ba aljanu ba ne, iskar ƙasan ce ba ta da kyau, numfashi kaɗan mutum zai yi ya sume. Da a ce a kowace unguwa akwai saurayi ɗaya da aka koya wa haka a makaranta, ya tare bakin rijiyar ya ce kowa ya tsaya, da an rage zawarawa.

Haka tukunyar gas. Mace ta ji wari, sai ta kunna fitila ta duba. Ko mai ya kama a kasko, a watsa masa ruwa, wuta ta tashi har rufi, alhali murfi za a kifa a kashe murhun.

Amma a koya wa yaro daban, a tura shi daban. Na ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, manya masu iyali ma sai da gwiwarsu ta yi sanyi. Ba zan yarda a sa ɗan sha shida ya riƙe mesa a gaban irin wannan ba, kuma ba zan so ya ga abin da muke fitowa da shi daga cikin toka ba. Ni da girmana akwai abincin da na daina ci.

Maman Hanif, Kano

Baban Sadik, in dai kun yanke shawarar kai shi, ga abin da zan roƙe ka. Kada ka tsaya a ofishin shugaba da filin fareti, nan ko'ina tsaf yake. Ka ce a nuna maka ɗakin kwanan 'yan aji ɗaya, ka tambaya wane babba ne ke kwana kusa da su, kuma ɗakinsu a haɗe yake da na siniyoyi ko a rabe. Ka leƙa asibitin makarantar da banɗaki. Ranar ziyara kuma ka ja shi gefe, ku biyu kawai, ka sa ya cire safa da riga.

Malam na Tudun Wada, Zariya

In ƙara a kan na Hajiya: fom ɗin a shafin makarantar na intanet ake cikewa, kada ka ba wani ɗan tsakiya ko sisi da sunan yana da hanya. Ka fara kai yaron asibiti a duba idonsa da ƙirjinsa da rukunin jininsa, don gwajin lafiya na mayar da yara da yawa gida bayan sun ci jarrabawa. Sannan a dage masa da Lissafi da Turanci tun yanzu. Ka kuma cike masa ta shiga sakandaren gwamnatin tarayya, ya zama yana da biyu a hannu.