Hana aika giyar inabi gida a Amurka: don yara ne ko don dillalai?

Barista Nura: Jama'a, ina nan kan bakana. Shingayen da jihohin Amurka suka kafa wa aika giyar inabi kai tsaye gidan mai saye, aljihun manyan dillalai suke karewa. Tun 1933 da gyara na 21 ga kundin tsarin mulki ya ɗage haramcin giya, aka bar wa kowace jiha wuƙa da nama. Yawancinsu suka ce mai matse inabi ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa mai shago, sannan ta kai ga mai sha. Na tsakiyan nan bai shuka komai ba, amma da shi ake raba riba.

Hajiya Rabi: Barista, ka cika zargi. Ta hannun dillalin jiha ke karɓar harajinta cikin sauƙi. Kuma in kwalaye suna zuwa ƙofa, wa zai hana ɗan shekara 16 ɗauka?

Auwalu: Hajiya, kai kaya nake yi a Ohayo. Kwalin giya da takarda manne a jikinsa, sai wanda ya kai shekara 21 ya nuna katin shaida ya sa hannu. In ba babba a gida, da shi nake komawa mota. Yaron da ke son sha ba zai zauna jiran kwalba mai tsada daga Kalifoniya ba.

Barista Nura: Yauwa ƙanena. Ku duba shari'ar Granholm ta 2005. Mishigan ta bar masu giyar cikinta su aika wa mutane gida, ta hana na waje. Niyok kuma ta ce sai baƙo ya buɗe reshe a jihar. Kotun Ƙoli ta soke duka biyun, alƙalai 5 da 4. In don yara ne, giyar Mishigan ba ta bugarwa ke nan?

Malam Idi: Abin da addini ya haramta kuke ta kai ruwa rana a kai, Allah ya kyauta. Amma ba kowane hani ne na kuɗi ba. Yuta, jihar mabiya ɗarikar Momon, ta hana aikawa kwata-kwata. A Kano ma Hisba na fasa kwalabe, ba wanda ya ce don dillali take yi.

Hajiya Rabi: Kuma kotun ba ta rushe tsarin hawa ukun nan na mai matse inabi, dillali da mai shago ba, wariya kawai ta hana. Gidan wayar gwamnatin tarayya ma ba ya ɗaukar giya.

Barista Nura: Malam, Yuta daban ce, don can gwamnati ce da kanta ke sayar da giyar inabi a shagunanta. Amma a 2019 da ake shari'ar dokar Tenesi, wadda ta ce sai ka shekara 2 a jihar kafin a ba ka lasisin shagon giya, wa ya tsaya kare ta har Kotun Ƙoli? Ƙungiyar masu shagunan giya ce, Hajiya, ba ta iyaye ba.

Hajiya Rabi: Masu shago ne, ba dillalan da ka fara zargi ba. Ka tsaya wuri ɗaya mana.