Wane irin harafi ya dace da rigunan ƙungiyar ƙwallo?

Sakataren ƙungiya, Ringim:
Salamu alaikum. Malamai, ƙungiyar matasan garinmu za ta buga riguna 22 kafin wasannin Sallah. Muna son rubutu mai kauri, mai karkata gaba, wanda ƙarshen kowane harafi yake da ƙafa faffaɗa, irin na rigunan makarantun Amurka. Wanne za mu zaɓa, kuma me za mu kiyaye?

Mai zane, Kazaure:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Abin da kake nufi shi ne slab serif. Tun 1815 wani mai ƙera haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, ya fito da irinsa a Landan don manyan takardun talla, shi ya sa yake karantuwa daga nesa. Fara da Rockwell Bold Italic, yana cikin kwamfutocin da ke da Microsoft Office. Na kyauta kuma akwai Arvo da Zilla Slab, duka suna da mai kauri mai karkata. Alfa Slab One ya fi su kauri amma a tsaye kawai yake zuwa. Idan shi kuke so, a karkata shi a manhajar zane ta CorelDRAW digiri 10 zuwa 12, kada a wuce haka. In an zarce, O da 0 sai su yi kamar ƙwai da aka matsa, sandunan tsaye kuma su sirance.

Mai buga riguna, Dambatta:
Ƙari kan maganar Malam. Aibin irin wannan harafi shi ne ƙafafunsa. Idan an karkata shi, ƙafar wani takan hau ta maƙwabcinsa, musamman K da A, ko L da A. Suna irin BALA ko KAKA sai ya manne ya zama dunƙule guda. A buɗa tazara kaɗan, sannan a gyara kowane biyu da ido, ba da injin ba.

Ma'auni: lambar baya santimita 25 zuwa 35, sunan ɗan wasa 5 zuwa 7.5. Idan da siliki da fenti za a buga, fentin yana ɗan bazuwa, sai ramin 6 da 8 da 9 ya cike, alƙalin wasa ya kasa bambancewa daga tsakiyar fili. Ramin ya kai faɗin yatsa biyu. Idan da leda mai mannewa ne, a juya zanen kamar a madubi kafin yanka, a danna da zafin kusan digiri 150 a ma'aunin Celsius na daƙiƙa 10 zuwa 15. Rigar foliyesta ja tana son zafi ƙasa da haka, in ba haka ba launinta ya ratso farar lamba ta koma ruwan hoda. Kusurwoyin ƙafafun kuma su ne ke fara ɓallewa a wanki, don haka a ɗan dakushe su a zane.

Malamin makaranta, Gwaram:
'Yan uwa, kada a manta da ƙ, ɗ da ɓ. Yawancin waɗannan haruffa ba su da su, sai kwamfuta ta saka siriri na wani iri a tsakiyar suna, ko ta bar akwati fanko. Abin takaici ne yaro mai suna Ɗanladi ya sa riga an rubuta masa Danladi. A rubuta D ɗin a CorelDRAW, a danna Ctrl da Q ya koma zane, a yanko lanƙwasar J a juya ta a haɗa a sama. Kaurin ƙugiyar ya yi daidai da na ƙafar harafin, karkatarta ma haka. A fara gwaji a riga ɗaya, a rataye ta a bakin raga, a koma tsakiyar fili a karanta kafin a buga sauran 21.