Buji yana baƙi, inji yana zafi: wane jet ne ya dace da tsohon CG125?

Mai CG, unguwar Zariya

Assalamu alaikum, jama'a. Ina da tsohon babur ƙirar Honda CG125 wanda na karɓa daga hannun yayana, kuma da shi nake zirga-zirga tsakanin Maradi da Tibiri saboda aikina. Tun wajen ƙarshen hunturu na lura yana shan mai fiye da yadda na san shi, kuma duk lokacin da na kwance buji sai in tarar da bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ba baƙin man inji mai danshi ba, baƙin hayaƙi ne busasshe wanda ke goguwa a yatsa. A cikin gari, da zarar na murɗa totur zuwa rabi sai ya riƙa shaƙewa yana tari, ba ya warwarewa sai na ƙara murɗawa.

Na kai shi gareji, mai gyaran ya ce babban jet, wato ƴar tagullar nan mai rami da ke auna mai a cikin kafireta, shi ne ya yi girma, ya cire shi ya sa wani mai ƙaramar lamba. Tarin bai daina ba, bujin kuma yana nan yana baƙi, sai ma wata sabuwar matsala da ta ɓullo: idan na hau kwalta na buɗe totur gaba ɗaya, ƙarfinsa ya ragu, kan injin yana yin zafin da har a ƙwaurina nake jin sa, kuma idan na ɗan sassauta hannu kaɗan sai in ji ya fi ja. Shin in ƙara rage lambar jet ɗin ne, ko in mayar da na da? Wasu abokaina kuma suna cewa in yar da kafiretar in sayi sabuwa in huta. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin nan, Allah ya saka da alheri.

Tsohon makanike, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, ka mayar da tsohon jet ɗinka yau, kuma kada ka sake buɗe totur a kan hanyar Tibiri sai ka yi hakan. Abin da ka faɗa cewa babur ya fi ja idan ka sassauta hannu, shi ne alamar da ba ta ƙarya cewa mai ya yi wa injin kaɗan a cikakken totur. Injin CG iska ce kawai ke sanyaya shi, ba shi da ruwa, kuma wani ɓangare na sanyin da fistan da bawul suke samu daga man da ke shigowa ne. Idan aka rage masa mai a wannan zafin namu na bazara, bawul ɗin fitar hayaƙi ne zai fara ƙonewa, ko fistan ya kama a cikin silinda kana tsakiyar tafiya.

Mai gyaranka ya ga baƙin buji ya ce mai ya yi yawa, kuma gaskiyarsa ce, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Kafireta ba ta hanya ɗaya take ba inji mai ba. Lokacin da babur yake silo, wato inji yana aiki ba a murɗa totur ba, har zuwa wajen kwata na totur, ƙaramin jet ne da sukurun da ke daidaita shi suke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke mulki, wato doguwar allurar nan da ke rataye a jikin ƙyauren da wayar totur ke ja, wadda ke shiga cikin wani siririn bututun tagulla. Tana da kauri a sama, tana sirancewa zuwa ƙasa, saboda haka gwargwadon ɗagawarta gwargwadon man da ke samun hanyar hawa. Babban jet ba ya yanke hukunci sai an kusa ƙure totur. To, kai a cikin gari, tsakanin kasuwa da tasha, sau nawa kake ƙure totur? Baƙin da kake gani a buji daga tsakiya yake fitowa, inda tarin yake, shi ya sa rage babban jet bai taɓa shi ba, sai dai ya jawo maka yunwar mai a sama.

A tsohon babur irin naka, abin da na fi zargi shi ne allurar da bututunta sun cinye. Shekara da shekaru tana karkarwa a cikin bututun, ga ƙurar da ke bi ta wurin, har ramin da yake zagayayye ya koma mai ɗan tsawo, ita kuma allurar ta yi gaɓa a inda take gogawa. Ka zare ta, ka goge ta da tsumma mai tsabta, ka bi jikinta da farce daga sama zuwa ƙasa a cikin haske. Idan farcenka ya tsaya a wani wuri, ko ka ga wani zobe mai ƙyalli a jikinta, ta gama aiki, kuma tare da bututun ake canza ta, domin sabuwar allura a cikin cinyayyen bututu rabin gyara ne.

Idan ka same ta lafiya, sai ka dubi ɗan zoben da ke riƙe da ita a sama. Yawancin allurai suna da tsagi biyar. Idan aka sa zoben a tsagin ƙasa, allura ta ɗago kenan, mai ya ƙaru. Idan aka sa shi a na sama, ta sauka, mai ya ragu. Mutane da yawa suna juya wannan a kansu. Ka fara daga tsagin tsakiya, kuma kada ka matsa fiye da tsagi ɗaya a lokaci guda.

Malamin fasaha, Ali Ɗan Sofo

Bayanin Baba makanike ya gamsar, sai dai ina so in ja hankali ga wani abu da mai tambaya ya faɗa a farkon maganarsa, cewa matsalar ta fara ne a ƙarshen hunturu. Allura ba ta cinyewa a wata ɗaya, amma matatar iska tana iya toshewa a cikin hunturu guda, kuma duk wanda ya taɓa buɗe akwatin matata a watan Fabrairu a garin nan ya san yadda sosonta ke komawa ja da ƙura. Idan iska ba ta samun hanya, injin yana zuƙa da ƙarfi a kan jet, mai ya yi yawa, tamkar an bar cok a ja. Saboda haka ni zan ce a fara da matata kafin a taɓa allura. Idan ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata man inji a matse shi sosai har ya zama danshi kawai ya rage, domin soso busasshe ba ya kama ƙura, wanda ya jiƙe sharkaf kuma yana toshe iska. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta kuma ba a sa mata mai, canzawa ake yi. A kuma tabbata cewa cok yana buɗewa har ƙarshe.

Akwai kuma lissafin yanayi. Domin fetur ya ƙone sarai, yana bukatar iska mai nauyin da ya ninka nasa wajen sau 14.7, ko da yake inji yana ba da ƙarfinsa mafi yawa ne idan man ya ɗan fi haka, wajen kashi 1 na mai ga kashi 12.5 zuwa 13 na iska. Kafireta kuwa ba ta san nauyin iska ba, yawan wadda ta wuce ta cikinta kawai take bi. Iskar asubahin Janairu mai digiri 15 ta fi iskar azahar ɗin Afrilu mai digiri 42 nauyi da kusan kashi 9 cikin 100, ma'ana babur ɗin da aka daidaita shi a lokacin sanyi zai ɗan karkata zuwa yawan mai idan bazara ta shigo. Wannan karkatar ba ta kai a canza jet saboda ita ba, kuma a ganina alheri ce, tunda a lokacin ne injin ya fi bukatar abin da zai sanyaya shi. Amma idan ta haɗu da toshewar matata da allurar da ta fara cinyewa, sai abin da yake ɓoye ya fito fili, kamar yadda ya fito wa ɗan'uwanmu.

Ina roƙon kada wanda ya karanta wannan ya ce zai cire matatar gaba ɗaya domin inji ya sha iska. Ina ganin ana yin haka, kuma yana ba ni takaici, domin ƙurar Maradi yashi ce, idan ta shiga silinda sai ta cinye zobban fistan a ɗan lokaci.

Ɗan kabu-kabu, Bagalam

Sannunku da ƙoƙari, manya. Ni a kan maganar sayen sabuwar kafireta nake so in ce wani abu, domin mu da muke kan babur tun safe har dare mun fi kowa sayenta. Waɗanda ake samu a kasuwa ƴan China ne, an kwaikwayi ƙirar Keihin wadda Honda ke sawa, kuma ba zan ce ba sa aiki ba, suna yi. Amma duk wanda ya ce da ka ɗaura ta shi kenan ka huta, bai gaya maka duka ba. Sau da yawa jet ɗin da ke cikinsu ba shi da lamba ko kaɗan, wanda yake da ita kuma ba lallai ramin ya dace da abin da aka rubuta ba, saboda haka sai ka sake zaman daidaitawa daga farko. A tsarin Keihin na asali, lamba faɗin ramin take nufi, wato 100 milimita ɗaya kenan, alhali lambobin Mikuni, wani kamfanin kafireta daban, ba su tafiya a kan wannan ma'aunin, don haka ba a ɗaukar lambar wannan a nemi irinta a wancan. Idan jikin tsohuwar kafiretarka bai tsage ba, kuma ƙyaurenta ba ya kaɗawa a cikin raminsa, ni shawarata ka riƙe ta ka canza mata kayan ciki.

Sannan ka duba man da kake sha. Na gidan mai da na kwalba a wurin ƴan ruwa-ruwa duk muna sha, amma na kwalba yakan zo da datti ko ɗigon ruwa, ga kuma tsatsar tsohon tanki. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta maƙale a bakin ƴar allurar da ke rufe mai a kwanon da ke ƙasan kafireta, man zai cika ya wuce iyakarsa, kuma babu jet ɗin da zai gyara wannan. Ka sa ƴar matatar mai a kan tiyo. Kuma idan za a wanke jet, a hura shi da iska, kada ka yarda a zura masa waya, domin tagulla ce mai laushi, waya tana ƙara masa faɗi.

Mai CG, unguwar Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na mayar da tsohon jet, ƙarfin kan kwalta ya dawo kuma zafin ya ragu. Matatar ta soso ce, na same ta ta daskare da ƙura, na wanke ta kamar yadda Malam ya ce, tarin ya ragu amma bai tafi duka ba. Da na zare allurar kuwa, farcena ya tsaya a wani wuri kusa da samanta, ga zoben mai ƙyalli yadda Baba ya kwatanta. Zan nemo ta tare da bututunta. Abin da ya rage mini shi ne sukurun nan na ƙaramin jet: wane gefe ake juya shi, kuma yaya zan gane cewa na kai daidai?

Tsohon makanike, Sabon Gari

Madalla, ƙanena. Kafin ka taɓa sukurun, ka yi abu biyu. Da safe, inji yana sanyi, ka auna tazarar bawul, wadda a CG125 milimita 0.08 ce a duka biyun, domin bawul ɗin da ya matse yana lalata silo har mutum ya ɗora wa kafireta laifin da ba nata ba. Sannan ka duba tsayin mai a kwano: ka sa siririn tiyo mai haske a bakin da ake zubar da mai, ka lanƙwasa shi sama a gefen kafireta, ka kwance sukurun zubarwa, babur yana tsaye sak. Man zai hau cikin tiyon ya tsaya, kuma ya kamata ya tsaya ƙasa kaɗan da inda kwano ya haɗu da jikin kafireta. Idan ya haura nan, ƴar allurar rufe mai ce ko abin da ke yawo a kan man yana tura ta, a gyara su tukuna.

Shi sukurun, wurin zamansa ne ke gaya maka aikinsa. Idan yana gefen inji, mai yake aunawa, kwance shi yana ƙara mai. Idan yana gefen matatar iska, iska yake aunawa, kwance shi yana rage mai. Ka ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙasa, ba tare da ka matsa ba, domin bakinsa siriri ne kuma yana karyewa a ciki, sannan ka kwance shi zagaye ɗaya da rabi. Ka yi ƴar tafiya har injin ya yi zafi, ka tsaya, ka riƙa juya shi kwata-kwata na zagaye kana jira kana saurare, har ka sami inda silon ya fi tashi kuma ya fi daidaita, daga nan sai ka sauko da shi da ɗaya sukurun, wanda ke ɗaga ƙyaure, zuwa wajen juyi 1,400 a minti. Idan wurin da ya fi daɗi ya wuce zagaye uku, ko bai kai rabin zagaye ba, ƙaramin jet ya toshe ko ba nasa ba ne. Idan kuma ka murɗa totur ka saki, injin ya daɗe a sama kafin ya sauko, iska tana satar hanya ta wuyan da ke haɗa kafireta da kan inji, sai ka canza zoben robar da ke wurin.

Idan za ka gwada da buji, ka sa sabo, domin tsohon ya riga ya ɗauki baƙi. Ka fita inda hanya take a buɗe, ka riƙe totur a rabi na ɗan lokaci, sannan ka kama kulochi ka kashe inji a lokaci guda ba tare da ka bar shi ya yi silo ba, ka gangara gefe ka jira ya huce kafin ka kwance. Launin ƙasa-ƙasa mai haske ake nema a jikin farin tangaran ɗin. Idan ya fito fari fat, ka sauke zoben allura tsagi ɗaya. Idan baƙi ne, ka ɗaga shi tsagi ɗaya, ka sake gwadawa a hanya ɗaya da lokaci ɗaya na yini.